Wace Rigar Sanyi Ce Ta Dace da Farautar Hunturu?

Wanda ya taɓa kwana a daji tsakanin Disamba da Janairu ya san cewa a yini ɗaya mafarauci yana fama da yanayi biyu. Kafin asuba sanyi kan sauko zuwa kusan digiri 12 a ƙasar Kano, a tsaunukan Filato kuwa har ƙasa da haka, amma da hantsi ya dubi ludayi sai gumi ya fara karyowa. Saboda haka riga ɗaya mai kauri ba ta biyan bukata. Abin da ya fi shi ne a sa shimi mai dogon hannu, a ɗora suwaitar ulu, sannan jaket a sama, yadda za a riƙa tuɓewa ɗaya bayan ɗaya yayin da rana take ɗagawa.

A wajen jaket, zaɓina shi ne na yadin auduga mai kauri da tauri, wanda aka yi wa shafi mai laushi daga ciki, irin wanda kamfanin Carhartt na Amurka, da aka kafa a 1889, ya yi suna da shi wajen ɗinka wa ma'aikata. Ana dacewa da irinsa a dilolin gwanjo, har a Kasuwar Ƙofar Wambai. Farar ƙaya da sarƙaƙiya ba sa keta shi da sauƙi, iskar hunturu ba ta ratsa shi, kuma bayan an wanke shi sau biyu ko uku yakan yi laushin da mutum zai laɓaɓa ya kusanci fakara ko gada ba tare da ƙarar yadi ta tona masa asiri ba. Yana da nauyi, ba na musu, amma tartsatsin wuta ba ya narkar da shi, kuma wannan ne ma'aunin da na fi dubawa tun daren da na gyangyaɗa a bakin wuta sanye da jaket na nailan, na farka hannun rigar ya narke ya manne mini a fata.

Jaket mai kumburi da aka cusa wa gashin agwagwa yana da ɗumi, sai dai ƙaya ɗaya ta isa ta zubar da cikinsa. Mai hana ruwa irin na Gore-Tex kuwa ɓarnar kuɗi ne a lokacin da ko yayyafi ba a yi. Mai zanen kakin soja kada ma a taya shi, domin an haramta wa farar hula sanya shi a Najeriya.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen ulu da tambari. Wasu 'yan kasuwa sukan cakuɗa sababbin kaya marasa inganci a cikin dila, su yamutsa su don su yi kama da gwanjo, wasu kuma su ɗinka tambarin babban kamfani a wuyan rigar da ba ta kai rabin kuɗin ba. A juya rigar a duba ɗinkin tambarin, idan zarensa ya saɓa da na sauran rigar, to mai yiwuwa daga baya aka liƙa shi. A ja zif sama da ƙasa sau da yawa, a kuma ɗaga yadin a hasken rana, domin wanda haske ya ratsa iska ma za ta ratsa shi. Suwaita kuwa, a nemi izinin mai kaya a tsinko zare ɗaya daga ciki a kyasta masa ashana: ulu na gaskiya yana warin ƙonannen gashi kuma tokarsa tana murmushewa a yatsa, na roba yana narkewa ya dunƙule ya yi tauri. Idan mai kaya ya rantse cewa ulu ne zalla amma ya hana a gwada, a ajiye masa kayansa a matsa rumfa ta gaba.