Hattara da shafin da ke karɓar kuɗin ɗinki da hotunan shagona

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman masu sana'a ta waya a cikin Kano da masu yi wa amare sayayya daga nesa.

Akwai wani shafi a Instagram da Facebook da ke baje hotunan ɗinkina yana karɓar kuɗin mutane. Ba nawa ba ne, ban san mai shi ba, kuma ina da yaƙinin ko maɓalli bai taɓa ɗinkawa ba. Sunan shagona ya ɗauka ya ƙara harafi ɗaya da ɗigo a tsakiya, sai mutum ya sa ido sosai zai gane bambancin.

Ban san da shi ba sai ranar wata Asabar bayan la'asar. Ina kan keke a shagona na cikin gida a Gwammaja, sai aka yi sallama. Wata baiwar Allah ce da za ta yi aure, ita da yayanta, sun taso tun daga Zariya. Ko ruwan da na kawo ba ta kalla ba, ta miƙo mini waya ta ce, "Hajiya, ke ce mai wannan ɗinkin?" Na duba. Doguwar rigar leshi ruwan zuma ce da na ɗinka wa wata amarya bara, ga labulena mai ratsin kore a baya, ga ma tsagaggen tayil ɗin nan na bakin ƙofa da kullum nake cewa zan canza. Na ce ni ce. Ta ce, "To ina kayana?"

Naira dubu 60 ta tura a matsayin kafin alƙalami na ɗinkin fitar biki kala uku. An ce mata za a saka kayan a mota a tashar Unguwa Uku, har da lambar wani wai direba. Ranar da aka yi alkawari lambar direba a kashe, lambar mai ɗinki kuma an toshe ta. Saura kwana 12 biki. Wata 'yar'uwarsu da ke kawo mini ɗinki ce ta ga hoton ta gane shagon, ta yi musu kwatance.

Yayan ya shigo da zafi, ban kuma ga laifinsa ba. Abin da ya raba mu shi ne na buɗe wayata na nuna masa asalin hoton, da ranar da aka ɗauke shi, da sauran guda bakwai da na ɗauka a jere kafin in zaɓi ɗaya in saka. Sannan muka duba sunan asusun da aka tura wa kuɗin: sunan namiji ne, a ɗaya daga cikin bankunan nan na waya. Ya yi shiru ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri." Ita kuwa kuka ta fashe da shi.

Da na zauna na bi shafin daga sama har ƙasa, hotuna fiye da 40 nawa ne. Sauran na wasu teloli ne, har na gane aikin wata ƙawata ta Zoo Road. Ɓarawon bai shiga wayata ba, bai saci lambar sirrina ba. Hoton allo, wato screenshot, kawai ya riƙa ɗauka daga shafina da kuma status ɗina na WhatsApp. Ina saka tambarin shagona a kowane hoto, amma a can ƙasan kusurwa, ƙarami, don kada ya ɓata kyan rigar. Sai ya yanke kusurwar ya ɗora nasa. Aikin da bai kai minti ɗaya ba.

Shi ya sa yanzu tambarina a tsakiyar rigar yake, ya ratsa kan aikin wuya inda ba a iya yankewa sai an lalata hoton. Ko shi ma ban dogara da shi gaba ɗaya ba, domin akwai manhajojin da ke goge rubutu daga hoto su cike wurin kamar ba a taɓa komai ba. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne kati: na buga ƙananan katuna da sunan shago da lambata, ina maƙala ɗaya da fil a jikin rigar kafin in ɗauki hoto, wani lokaci in yi gajeren bidiyo ina juya rigar ina faɗin sunan shagon da bakina. Ɓarawo mai gaggawa ne, in ya ga wahala zai wuce gaba. Kuma kada ku goge asalin hotunanku bayan kun saka su. Wanda ke kan Facebook an riga an rage masa girma, na cikin wayarku shi ne mai cikakken girma da kwanan wata, shi ne shedarku ranar da za a tambaye ku.

Abin da ya fi ci mini rai ba rigunan ba ne. A cikin hotunan akwai guda uku na wata amarya sanye da kayan, fuskarta a buɗe. Ita ta turo mini bayan biki don in ga yadda suka zauna mata, ni kuma don murna na saka a status ban tambaye ta ba. Yanzu ga fuskar matar aure a shafin ɗan damfara, an rubuta a ƙasa wai kwastomarsu ce tana godiya. Kiran da na yi mata in ba ta haƙuri yana cikin kiraye-kiraye mafi nauyi da na taɓa yi. Ta ce ba komai, amma muryarta ta nuna akwai komai, don dole ta gaya wa maigidanta. Masu lalle, masu kwalliya, masu ɗaurin ɗankwali, wannan maganar da ku nake: fuskar kwastoma ba kayan tallarmu ba ce. Irin waɗannan hotunan ne ake kwasa a kai shafukan haɗa aure na bogi a ce wai budurwa ce mai neman miji, a karɓi kuɗin rajista a hannun maza. Haka hoton yaro a gadon asibiti, a manna masa lambar asusu a ce a taimaka fi sabilillahi, iyayensa ba su ma sani ba.

A WhatsApp ku shiga wurin saitin sirri ku mayar da hoton fuskarku ya zama sai waɗanda ke cikin lambobinku ne za su gani, status ma ku zaɓi masu kallo. Tun 2024 WhatsApp ya hana ɗaukar hoton allo na hoton fuska, amma mai waya biyu zai ɗauka da ɗayar. Ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu, kuma lambobi 6 ɗin nan da ake turowa ta saƙo kada ku karanta wa kowa, ko ya ce daga ƙungiyar 'yan makarantarku yake kira. In za ku kai waya gyara Farm Centre ko Beirut Road, ku kwashe hotunan iyali ko ku tsaya a yi a gabanku. In za ku sayar da tsohuwar waya, ku wanke ta tas tukuna.

Ƙanina ne ya koya mini Google Lens. Sai ka ɗora hotonka, ya nemo maka wuraren da irinsa ya bayyana a intanet. Ba ya leƙa rufaffun shafuka ko status, amma da shi muka gano shafi na biyu mai wani suna daban da hotunan nan dai.

Mun kai ƙorafi ta cikin manhajojin, ɗaya na sojan gona, ɗaya na satar haƙƙin mallaka, muka haɗa da asalin hotunan. Kafin nan mun ɗauki hoton komai: sunan shafin, lambar waya, lambar asusu, hirar da aka yi da amaryar nan ta Zariya, da rasit ɗin tura kuɗi, don in shafi ya ɓace sheda ta tafi da shi. Yayan nata ya sanar da bankinsu, sannan suka kai wa 'yan sanda. Doka tana nan: sashe na 22 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya haramta sojan gona da sunan wani, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 kuma ta kare hoto ga wanda ya ɗauke shi. Hedikwatar 'yan sanda tana Bompai, EFCC ma tana da ofis a Kano. Sai dai in an cuce ku, banki za ku fara sanarwa a ranar, domin irin waɗannan kuɗin ba sa kwana a asusu.

Ku kuma masu saye, gani ya kori ji. Kafin ki tura ko sisi, ki kira ta bidiyo ki ce a ɗaga miki rigar da kika gani, a juya ta ciki da waje. Mai hotunan sata ba shi da riga, sai ya ce netiwok ba kyau, ko Hajiya tana Kantin Kwari sayen yadi, ko addini ya hana ta nuna fuska. Ba fuska kika tambaya ba, riga kika tambaya. Ki duba ko sunan asusu ya yi daidai da mai shagon. Instagram yana nuna watan da aka buɗe shafi da sau nawa ya canza suna, Facebook ma haka, shafin nan kuwa wata biyu kacal ke gare shi yana cewa ya shekara goma yana ɗinki. Farashinsa rabin nawa ne, alhali kuɗin leshin kaɗai ya fi abin da yake nema. Araha dai ba ta ado. Kuma wa ye ba shi da wani a Kano? Ki tura ɗan'uwa ya hau Adaidaita Sahu ya je ya ga shagon da idonsa.

An sauke shafin farko, na biyun yana nan har lokacin da nake wannan rubutu, kuma ban cire ran zai sake fitowa da sabon suna ba. Kuɗin amaryar ba su dawo ba. Yayanta ya sayo yadi kala biyu a Kwari, muka kwana uku ni da yarana a kan keke, aka saka mata a mota a Unguwa Uku ana jibi kamu. Ta turo mini hoto sanye da su, yana cikin wayata, ban saka shi a ko'ina ba.