Gwajin kunne: na waya ko na asibiti?

Baabana a unguwar Aboabo ta Kumasi kullum sai ya ƙure rediyo, in ka yi mai magana daga baya shiru, shi ya sa na zauna na auna hanyoyin nan biyu.

Na waya dai akwai manhajar hearWHO da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, kyauta ne, ka sa iyafis a ɗaki mara hayaniya, za a riƙa karanto lambobi uku-uku cikin ƙara kana danna abin da ka ji. Mun gwada da Baaba bayan isha'i da unguwa ta lafa, sai da na fara koya mai lambobin da Turanci. Makin ya yi ƙasa, amma wayar ba ta faɗa mana dalili ba, dattin kunne ne ya toshe ko tsufa ne.

A asibitin Komfo Anokye kuwa sai ka hau trotro (motar haya) ka bi layi ka biya, amma za a leƙa cikin kunnen, a sa ka ɗakin da ƙara ba ta shiga, a auna kowane kunne daban.

Jarirai kam waya ba ta da amfani wallahi, tafa hannu a bayansu ma ruɗi ne, yaro na iya jin iskar hannun ya juyo. Akwai na'ura da ake sa ɗan bakinta a kunne yana barci, minti kaɗan an gama, an fi so kafin ya cika wata 1. Ƴar ƙanwata da ta yi sanƙarau can muka kai ta, Baaba ma ranar Litinin zan raka shi.