Aikin jinya a waje: Saudiyya ko Ingila?

Wata 'yar'uwa a zauren nan ta ce tana da diflomar aikin jinya, ta yi shekara 3 a asibitin gwamnati, tana da miji da yara biyu, kuma tana so ta san wadda ta fi tsakanin Saudiyya da Ingila.

'Yar'uwa, kafin ki kashe ko sisi, ki je a gwada miki ciwon hanta nau'in B. Cutar ta yawaita a yankinmu, kuma da yawa suna ɗauke da ita ba su sani ba. Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf ba sa karɓar ma'aikacin lafiya mai ɗauke da ita, ko da kuwa ya ci duk jarrabawowinsu. A Ingila ba ta hana biza. Gwajin tarin fuka suke nema, sai dai idan kina da ciwon hantar asibiti na iya taƙaita miki wasu ayyuka. Sakamakon gwajin hantar nan kaɗai yana iya raba miki gardama.

Ƙofar Saudiyya ta fi sauƙin shiga. Galibi ba a neman jarrabawar Turanci. Kamfanin DataFlow zai tantance takardunki, wato zai tuntuɓi makarantarki da hukumar da ta ba ki lasisi da asibitin da kika yi aiki. Daga nan ki buɗe fayil a manhajar Mumaris Plus ta SCFHS, hukumar da ke ba ma'aikatan lafiya lasisi a Saudiyya, ki rubuta jarrabawar lasisin da ake kira Prometric. A wajen tantancewar nan ake yawan maƙalewa. Sunan mahaifi Muhammad ne a fasfo, Mohammed a takardar makaranta, ko shekarar haihuwa ta bambanta, ko kuma saƙon DataFlow ya yi makonni a akwatin imel ɗin makaranta ba wanda ya buɗe. Ki daidaita sunayenki tun yanzu, ki kuma samu wani a ofishin rajistara da zai bibiyi saƙon.

Ingila kuwa da Turanci ake farawa, kuma nan ne mutane suka fi zubar da kuɗi. NMC, hukumar da ke yi wa nas-nas rajista a can, tana son maki 7 a jarrabawar Turanci ta IELTS a karatu da sauraro da magana, da 6.5 a rubutu, ko kuma B uku da C+ a rubutu idan OET, jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya, kika zaɓa. Shekara 2 sakamakon yake yi ya mutu, don haka kada ki rubuta sai sauran takardunki sun kusa haɗuwa. Sai jarrabawar kwamfuta ta CBT, wadda ake iya yi a Najeriya. A 2023 NMC ta soke sakamakon wata cibiya a Ibadan saboda maguɗi, har waɗanda ba su ji ba ba su gani ba sai da suka sake rubutawa. Duk wanda ya ce zai “taimaka” miki a ɗakin jarrabawa, ki guje shi. Ta ƙarshe ita ce OSCE, gwajin aiki a aikace, mai sassa 10, a can Ingila ake yin ta, kuɗinta ya kusa fam 800, kuma yawancin asibitocin NHS, wato na gwamnati, su ke biya.

Diflomarki tana da nauyi daban a wuraren biyu. A Saudiyya mai digiri ake ba matsayin ƙwararriyar nas, mai difloma kuma a ajiye ta a matakin da ke ƙasa, albashinta ma ƙasa. A Ingila da zarar NMC ta yi miki rajista, mataki na 5 na albashin NHS za ki shiga, daidai da mai digiri.

Ta fuskar tara kuɗi Saudiyya ce a gaba a shekarun farko: ba a cire harajin albashi, ga masauki da motar kai wa aiki da tikitin hutu a yawancin kwantiragi. Amma awa 48 ne a mako, Ingila kuwa 37 da rabi. A Ingila albashin yana da auki a takarda, sai haraji da haya da kuɗin ɗumama gida da na renon yara su cinye mafi yawansa.

Maganar iyali ce ta fi damun mu a lamarinki. Nas-nas da yawa a Saudiyya kwantiragin mutum ɗaya ake ba su, a ɗakin kwanan ma'aikata. Idan ma an yarda ki kawo iyali, akwai harajin riyal 400 a wata kan kowane mutum, ga kuɗin makaranta. Iƙama kuma, wato takardar izinin zama, a ɗaure take da aiki. Ranar da kwantiragi ya ƙare, sai ki karɓi kuɗin sallama ki dawo gida. Kusancin Harami da jin kiran salla a bakin aiki ba ƙaramin abu ba ne, ba mu raina su ba. Bizar ma'aikatan lafiya ta Ingila ta ba nas mai rajista damar zuwa da miji da yara, mijin ya yi aiki, yara su shiga makarantar gwamnati kyauta, kuma tana iya kai wa ga zaman dindindin. Kada ki rikita ta da bizar masu kula da tsofaffi, wadda aka rufe wa masu nema daga waje a Yulin 2025.

Najeriya tana cikin ƙasashen da dokar ɗaukar ma'aikata ta Ingila ta hana dillalai farautar nas, don haka da kanki za ki nema a shafin NHS Jobs. Wanda ya nemi miliyoyi don ya sayar miki da takardar ɗaukar nauyi, ki bar masa kayansa.

A yanayinki, da difloma da yara biyu, Ingila muke ba ki shawara, muddin za ki iya ware wata 4 zuwa 6 kina gyaran rubutun Turanci kafin ki biya kuɗin jarrabawa. In kuma Saudiyyar kika zaɓa, ki sa wanda ya iya Larabci ya karanta miki kwantiragin layi-layi, musamman matsayin da aka rubuta miki da sharaɗin iyali, kuma fasfonki ya zauna a hannunki, domin dokarsu ma ta hana wanda ya ɗauke ki aiki riƙe shi.