Gidauniya ko Waƙafi: Wanne Ya Dace da Kwalejin Al'umma?

Ana yawan tambayata inda kwalejin al'umma a Kano za ta samo kuɗin buɗe sabbin kwasa-kwasai, tunda TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, na gwamnati kawai take tallafa wa.

Gidauniya akwai sauri: a gayyato attajiran kasuwannin Kwari da Singa, a tara kuɗi yini guda. Sai dai alƙawari ya fi tsaba yawa, wani Alhajin sai ka gaji da sintiri a ƙofar shagonsa. Abin da aka samu kuma, ɗakin gwaje-gwaje ɗaya ya lamushe shi.

Waƙafi, kamar shagunan haya, sai da haƙuri da amintattu da takardu, amma kuɗin haya na shigowa kowace shekara, ya biya malamai.

Kwalejin da ke jiran tantancewar NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, bana, gidauniya ce tata. Wadda matsalarta albashi ce, ta nemi waƙafi.