Tankin ruwan zafi mai lita 40 na jirgin filafilai: ƙira mai inganci, littafin bayani mai rauni

Tankin da nake magana a kansa irin wanda ake girkawa ne a ƙananan jiragen ruwa masu filafilai domin samar da ruwan zafi na wanka da wanke-wanke. Yana cin lita 40, an ƙera cikinsa da ƙarfen da ba ya tsatsa, an kuma naɗe shi da kumfa mai kauri domin riƙe zafi. Ta hanya biyu yake ɗumama ruwa. Ta farko ita ce hitar lantarki mai wat 750, wadda ake amfani da ita idan jirgi yana ɗaure a tasha an jona masa wutar gaɓa. Ta biyu kuwa, wadda saboda ita ne mafi yawan masu jiragen suke sayen irin wannan tanki, ita ce murɗaɗɗen bututun da ke cikinsa, wanda ruwan sanyaya inji yake ratsawa ya bar zafinsa a cikin ruwan amfani ba tare da ruwan biyu sun gauraya ba. Ra'ayina shi ne tankin kansa abin yabo ne, amma littafin da ya zo da shi ya yi ƙwauron bayani a daidai wurin da mai saye ya fi bukatarsa, kuma wannan ƙwauron ne yake sa mutane da yawa su ɗora wa tanki laifin da ba nasa ba.

Ɓangaren lantarki bai ba ni wata matsala ba, kuma ya yi abin da lissafi ya ce zai yi. Ɗaga zafin lita 40 na ruwa daga digiri 20 zuwa digiri 70 yana cin wutar da ta kai wajen kilowat 2.3 na awa ɗaya, saboda haka hita mai wat 750 tana bukatar awa uku da ɗan ɗoriya, kuma haka na gani. Kumfar da aka naɗe shi da ita ma ta burge ni, domin ruwan da ya yi zafi da yamma yana kwana da ɗuminsa har ya isa wanka da safe.

Matsalar ta fito ne a ɓangaren inji. Bayan an girka tankin, sai a yi doguwar tafiya da injin dizal, allurar zafin inji tana tsaye a wurinta na kullum, amma idan aka buɗe famfon zafi ruwan da zai fito bai fi na famfon sanyi da komai ba. Abin da littafin ya tanada game da wannan hali bai wuce layi biyu ba: a duba ko an jona tiyo daidai, a kuma tuntuɓi makanike. Wannan bai wadatar ba, musamman ga mutumin da ke tsaye a kan anga nesa da kowane makanike, alhali binciken da ake bukata mai sauƙi ne idan an bi shi daki-daki.

Abu na farko da ya kamata mai jirgi ya riƙe shi ne cewa idan hitar lantarki tana ba da ruwan zafi a famfo, to tankin yana riƙe ruwa, bututun ruwan amfani suna nan lafiya, kuma bawul ɗin gauraya ruwa, wanda ke haɗa ruwan zafi da na sanyi kafin famfo, yana aikinsa. Wannan kaɗai ya rage rabin wuraren da za a tuhuma. Murɗaɗɗen bututun da ke cikin tankin ba shi da wani abu mai motsi, ba shi da waya, ba shi da makunni, iyakarsa ya bar ruwa ya wuce. Saboda haka tambayar guda biyu ce kawai: shin ruwan injin yana da zafin da ya isa, kuma shin yana kewayawa ta cikin tankin?

Amsar tana jikin tiyo biyun da suka haɗa inji da tanki. A bar injin ya yi aiki cikin giya har ya kai zafinsa na yau da kullum, wanda a injin da ke da rufaffen ruwan sanyaya, wato mai kewayawa a cikinsa ba ruwan teku ba, yakan kasance tsakanin digiri 70 da 85, sannan a auna tiyon da ke kai ruwa da wanda ke dawo da shi. Tafin hannu yana iya wannan aiki idan an yi hattara da bel ɗin da ke juyawa, sai dai ƙaramin ma'aunin zafi irin wanda ake nuna wa abu daga nesa ya fi aminci, ya kuma fi faɗin gaskiya. Idan ruwa yana kewayawa yadda ya kamata, tiyon kaiwa zai yi zafi tun daga inji har bakin tanki, tiyon dawowa kuma zai ɗan gaza shi, bambancin yana raguwa yayin da ruwan tankin yake ɗumama. A nawa jirgin, tiyon kaiwa yana da zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kansa a kusa da inji, amma da na bi shi taki biyu zuwa uku sai zafin ya dusashe, kafin ya hau zuwa tankin ya zama sanyi ƙalau, tiyon dawowa kuma ko ɗumi babu. Ɗan zafin da ke kusa da injin na maƙwabtaka ne kawai, ruwan ba ya motsi.

Dalilin shi ne iska ta maƙale a cikin bututun, kuma a kan wannan ne nake ganin littafin ya fi gazawa. A jiragen filafilai da yawa injin yana can ƙasa a ƙarƙashin matakala, wurin da tanki mai lita 40 zai shiga kuwa yakan zama wata ma'ajiya da ta ɗara injin tsawo. Haka wanda ya girka nawa ya samu, kuma babu inda littafin ya gargaɗe shi da kalmomi bayyanannu. Da zarar murɗaɗɗen bututun ya fi murfin da ake zuba wa inji ruwa tsawo, to shi ne ya zama ƙololuwar dukan tsarin, duk wata iska da ke ciki can za ta taru. Famfon da ke kewaya ruwan inji irin mai farfela ne, an yi shi ne domin ya tura ruwa mai yawa da ƙaramin matsi. Idan bututu cike yake da ruwa, nauyin ruwan da ke gangarowa yana taimaka wa wanda ke hawa, famfon ba ya shan wahala. Idan kuwa iska ta raba su, sai famfon ya ɗaga ruwan da ƙarfinsa shi kaɗai, abin da ba zai iya ba. Injin kansa ba zai nuna wata alama ba, domin babbar hanyar ruwansa a buɗe take, wannan ƙaramin reshe ne kawai ya tsaya.

Fitar da iskar ba ta da wuya, amma dole ne a jira inji ya huce sarai, domin buɗe murfin matsi a kan inji mai zafi yana watso tafasasshen ruwa a fuska da hannu. An kwance kilif ɗin tiyon da ya fi tsawo a bakin tankin, aka ɗaga bakin tiyon sama, aka sa mazurari, aka riƙa ɗura ruwan sanyaya a hankali. Da farko bututun tankin ya riƙa furzar da iska da kumfa cikin bokitin da aka tara, yana yi yana tsayawa, daga baya ruwan ya fito a miƙe babu kumfa ko ɗaya. A nan aka toshe bakin da babban yatsa, aka mayar da tiyon da sauri, aka ɗaure. Da aka tayar da inji, ana iya bin zafin da hannu yana hawa tiyon sannu a hankali har ya shiga tankin, jim kaɗan kuma tiyon dawowa ya ɗauka.

Sai dai wannan magani ne na ɗan lokaci matuƙar tankin yana sama da inji, domin duk sa'ar da aka canza ruwan sanyaya ko ya ɗan ragu, iskar za ta koma mazauninta. Magani mai ɗorewa shi ne a ƙara ƙaramin tankin ajiyar ruwan sanyaya a saman ƙololuwar, a mayar da shi wurin zuba ruwa da duba yawansa, murfin matsin da ke kansa kuma ya zama shi ne mai fara buɗewa kafin wanda ke jikin injin. Wasu masu ƙera injinan jiragen ruwa suna bayyana wannan tsari a littattafansu, don haka ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne. Da masu wannan tanki sun sa ɗan ƙaramin bawul na fitar da iska a bakin bututun sama, ko kuma sun zana hoto ɗaya da ke nuna iyakar tsawon da za a iya ɗora tankin, da sun hutar da masu saye daga ɓacin rai mai yawa.

Akwai wasu dalilan da ke haifar da irin wannan alama, waɗanda littafin bai ambata ba ko kaɗan. Mafi muhimmanci shi ne wurin da aka jona tiyo a jikin inji. Ruwa ba ya gudu sai da bambancin matsi, saboda haka tiyon kaiwa ya kamata ya fito daga ɓangaren zafi, wato kan silinda ko gidan tamostat (bawul ɗin da ke tsare ruwan sai inji ya yi zafi) kafin ruwa ya wuce tamostat ɗin, tiyon dawowa kuma ya shiga ɓangaren da famfo yake zuƙa. Idan aka jona su biyun a ƙofofin da matsinsu ɗaya ne, ko an fitar da iska sau nawa ruwan ba zai motsa ba. Tiyon da ya lanƙwashe a bayan wani katako, ko wanda ya tsufa cikinsa ya ruɓe ya toshe, ko bawul ɗin da aka rufe lokacin gyara aka manta, duk suna ba da sakamako iri ɗaya. Yawancin waɗannan tankuna suna amfani da tiyo mai faɗin milimita 16, kuma rage faɗin a hanya ko tsawaita tiyon fiye da kima yana raunana gudun ruwan.

Idan kuma tiyo biyun suna da ɗumi iri ɗaya amma ba su yi zafi ba, to a koma ga injin. Tamostat da ya maƙale a buɗe, ko wanda wani ya cire gaba ɗaya, yana hana inji kaiwa zafinsa, kuma wannan ya fi rashin ruwan wanka illa, domin injin dizal da ke aiki a sanyi yana tara baƙin hayaƙi yana kuma saurin lalacewa. Barin inji a silo ba tare da kaya a kansa ba shi ma ba ya haifar da zafin kirki. Tsofaffin injinan da ruwan teku ke ratsa su kai tsaye kuwa da gangan ake riƙe su ƙasa da wajen digiri 60 domin kada gishiri ya daskare a cikin hanyoyinsu, don haka mai irin wannan inji kada ya sa ran wannan tanki zai ba shi abin da ya wuce ruwa mai ɗumi.

Bayan an gyara, tankin ya nuna ainihin ƙimarsa. Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba cikin giya tana isa ta ɗumama lita 40 ɗin, daga zafin da da ma injin zubar da shi yake yi a teku. A nan ne bawul ɗin gauraya ruwa da ya zo tare da tankin ya cancanci yabo na musamman. Hitar lantarki tana da na'urar da ke kashe ta idan ruwa ya kai wani mataki, amma inji ba shi da wannan, yana iya kai ruwan tankin kusa da digiri 80, wanda ke ƙona fata cikin ƙiftawar ido. Bawul ɗin yana haɗa shi da ruwan sanyi kafin ya isa famfo, abin da ke kare yara da baƙi, yana kuma sa lita 40 ta yi aikin da ya fi lita 40. Shi ma ya kamata a tuhume shi idan tiyo biyun suna da zafi, jikin bututun da ke fita daga tankin yana da zafi, amma famfo yana ba da sanyi, domin farar ƙasar da ke cikin ruwa tana iya daskarar da shi a ɓangaren sanyi. A ƙasashen da ake zubar da ruwan jirgi saboda hunturu, bawul ɗin kewaye tankin da aka bari a buɗe yana yin irin wannan ɓarnar.

Gargaɗi ɗaya da na so a rubuta shi da manyan haruffa a littafin shi ne na hujewar murɗaɗɗen bututun. Ruwan sanyaya da aka fi amfani da shi yana ɗauke da sinadarin etilin gilaikol, wanda guba ne ga mutum da dabba. Matsin ruwan amfani yakan fi na ruwan inji, saboda haka alamar farko ita ce ruwan inji ya riƙa ƙaruwa yana ambaliya ba tare da an ƙara masa komai ba. Amma idan aka kashe famfon da ke tura ruwan amfani matsinsa ya faɗi alhali inji yana da zafi, hanyar tana juyawa, gubar ta shiga tanki. Duk wanda ya ga wannan ambaliya, ko ya ga launi ko ya ji wari a ruwan zafi, ya daina amfani da ruwan nan take, ya raba tankin da injin har sai an gwada bututun da matsi.

Ga mai injin da ke da rufaffen ruwan sanyaya, ina ba da shawarar wannan tanki ba tare da wata tantama ba, da sharaɗin ya ɗauki abin awo kafin ya biya kuɗi, ya gwada tsawon wurin da zai ajiye shi da tsawon murfin ruwan injinsa. Idan tankin zai zauna a ƙasa, tiyo biyu da kilif masu kyau sun wadatar. Idan zai zauna a sama, ya sayi ƙaramin tankin ajiyar tare da shi, a girka su rana ɗaya, ya kuma nemi littafin injinsa domin ya tabbatar da ƙofofin da aka tanada domin wannan aiki.