Modem, Kamfanin Tes ko Telegram: Me Zai Sanar da Kai Idan Sabar Waya Ta Tsaya?

Ƙaramar sabar waya, irin wadda ake ɗora wa manhajar sarrafa kira ta Asterisk ko FreePBX a kan Raspberry Pi ko wata tsohuwar kwamfuta, ba ta yin ƙara idan ta samu matsala. Fitilunta na nan a kunne, wayoyin kan tebur suna kiran juna lafiya lau, amma wanda ya bugo daga waje ba ya samun kowa. Sau da yawa sai wani ya tako da ƙafarsa ya ce tun jiya yake nema, sannan a farga. Maganin wannan abu biyu ne: sikirif, wato ƙaramin fayil na umarni da ke duba lafiyar sabar lokaci-lokaci, da kuma hanyar da zai bi ya turo maka tes. Sikirif kyauta ne. A wajen zaɓen hanya ne ake kashe kuɗi, kuma a nan aka fi yin kuskure.

Kafin ka sayi komai, ka yi wa kowace hanya wannan tambayar: abin da ya kashe wayar, zai bar saƙon ya fita? Abubuwan da ke tsayar da irin wannan sabar ba su da yawa. Ko intanet ta yanke, ko wuta ta ɗauke, ko kamfanin da ke ba ka layin waje ya daina karɓar rajistarka, ko ma'ajiya ta cika, ko Asterisk ɗin kansa ya mace. Kowace hanya tana da wanda take gani da wanda ba ta gani.

Kamfanonin tura tes ta intanet

Twilio, Vonage, Infobip da ire-irensu su ne mafi sauƙin haɗawa. Ka buɗe asusu, su ba ka mabuɗin sirri, layi ɗaya na `curl`, umarnin da ke tuntuɓar adireshin intanet, ya isa ya tura saƙo. Babu na'urar saye, ana biya ne gwargwadon adadin saƙonni. Matsalarsu a fili take: ta intanet saƙon zai fita, to ranar da intanet ɗin ce ta yanke fa? Shiru za ka ji, a daidai ranar da ka fi buƙatar labari.

Akwai kuma abin da ba a lura da shi sai an shiga. Amsar da kamfanin ke mayarwa nan take tana nufin ya karɓi saƙon, ba wai ya isa wayarka ba. Rahoton isarwa daban ne, sai ka nema. Wasu ƙasashe kuma ba a turawa sai an yi rajista: a Amurka akwai tsarin 10DLC, a Indiya akwai DLT inda har samfurin saƙon sai an amince da shi, wasu wuraren kuma sunan mai turawa ake yi wa rajista. Ka bincika dokar ƙasar da lambarka take kafin ka zuba kuɗi a asusun. Idan ka zaɓi wannan hanya, ka sa wa `curl` iyakar lokaci da `--max-time 15`, in ba haka ba zai tsaya jiran intanet ɗin da ba ta nan, cron kuma, wato mai tayar da sikirif a kan lokaci, yana ta tayar da sabon kwafi a kansa. Mabuɗin sirrin ka ajiye shi a fayil na daban mai izinin 600, wato mai shi kaɗai ke iya karanta shi.

Tsohuwar dabarar tura imel zuwa wani adireshi na kamfanin waya ya mayar da shi tes, ba mu ba da shawararta ba. Kamfanoni suna ta rufe ta, kamfanin AT&T na Amurka ma ya rufe tasa a watan Yunin 2025.

Telegram kyauta ne, kuma saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 4096, don haka za ka iya cusa layuka ashirin na ƙarshe daga `/var/log/asterisk/full` ka karanta a wayarka. Sai dai shi intanet yake buƙata a ɓangarorin biyu, na sabar da naka. Ya dace da cikakken bayani, bai dace ya zama shi kaɗai ba.

Modem mai sim a jikin sabar

Wannan ce hanyar da ba ruwanta da intanet ɗinka, kuma ita ce ta fi cin lokaci wajen saiti. Iri uku ake samu.

Modem na USB, irin na Huawei da aka saba hawa intanet da shi, shi ne mafi arha. Da ka soka shi, yawanci yakan bayyana a matsayin faifan CD, sai `usb_modeswitch` ya juya shi sannan ka ga `/dev/ttyUSB0` da 'yan uwansa. A nan ka kula lokacin saye: da yawa daga cikin sababbin Huawei, masu tsarin HiLink, suna bayyana ne kamar katin netwok mai shafin saiti, ba sa buɗe ƙofar umarnin AT, wato umarnin da ake ba modem, wadda manhajojin tura tes irin su Gammu da smstools ke magana ta ciki. Ka tambayi lambar samfurin da irin manhajar da ke kansa kafin ka biya. Lambar ƙofar kuma tana canzawa. Yau `ttyUSB0`, bayan an sake kunna sabar ta koma `ttyUSB2`, sikirif yana ta magana da bango. Ka yi amfani da sunan da ke cikin `/dev/serial/by-id/`, shi ba ya motsi. Idan akwai ModemManager a kan sabar, ka kashe shi, domin yana riƙe ƙofar ya hana kowa shiga.

Na biyu ƙananan alluna ne kamar SIM800L da SIM7600. SIM800L yana jan hankali saboda arha, amma 2G kawai yake ji, kuma ƙasashe da dama sun kashe 2G ko sun sa ranar kashewa. Sannan wutarsa tana da wuyar sha'ani: yana son tsakanin 3.4 zuwa 4.4 na bolt, kuma lokacin turawa yakan ja har amfiya 2 a ɗan ƙiftawar ido. Wanda ya haɗa shi kai tsaye da fil ɗin Raspberry Pi zai ga yana amsa `AT` da `OK` lafiya, da an ce ya tura saƙo sai ya mutu ya sake tashi. Mutane kan zargi sim ko sikirif, alhali wuta ce ba ta isa ba. SIM7600 yana jin 4G, ya fi tsada, kuma ana yin sa iri-iri gwargwadon yanki, don haka ka duba cewa mitocin da yake kamawa sun dace da na kamfanin wayarka. Modem na USB ma yana da irin wannan yunwar a kan Pi, gara a haɗa shi ta mahaɗar USB mai wutarta daban.

Na uku akwatin GSM ne mai zaman kansa, kamar GoIP, Dinstar ko jerin TG na Yeastar. Ya fi sauran tsada nesa ba kusa ba, kuma idan tes kawai kake so, ɓarnar kuɗi ce. Amfaninsa yana fitowa ne idan kana son layin ko-ta-kwana na kira: intanet ta yanke, kiran fita ya koma kan sim, kuma shi ɗin ne zai turo maka saƙo.

Ko wanne ka saya, umarni uku za su gaya maka halin da yake ciki. `AT+CPIN?` ya kamata ya ce `READY`, in ba haka ba sim yana jiran lambar sirri. `AT+CSQ` yana ba da ƙarfin sabis daga 0 zuwa 31, ƙasa da 10 ya yi rauni, 99 kuma yana nufin bai san komai ba. Cikin akwatin ƙarfe da ake kulle sabar, sabis yakan faɗi ƙwarai, kebul na USB mai tsawon mita biyu da zai fito da modem waje yakan wadatar. `AT+CREG?` kuma zai nuna ko ya shiga netwok, 1 ko 5 a lamba ta biyu shi ake nema. Idan kana gudanar da `gammu-smsd`, kar sikirif ya kira `gammu sendsms`, tunda ƙofar tana hannun wani. Da `gammu-smsd-inject` ake sa saƙo a layi.

Wani abu da ya shafi masu rubuta saƙon da Hausa: tes ɗaya haruffa 160 ne, amma fa da jerin haruffan GSM, kuma babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinsa. Harafi ɗaya mai lanƙwasa ya isa ya mayar da saƙon gaba ɗaya zuwa tsarin da ke ɗaukar 70 kacal, ko kuma harafin ya iso a matsayin alamar tambaya. Saƙo mai haruffa 150 sai ya rabu gida uku, a caje ka kuɗin uku. A saƙon faɗakarwa, rubuta k da d da b ba laifi ba ne.

Wa zai ba da labari idan sabar kanta ta mutu?

Modem ma yana da makantarsa. Idan wuta ta ɗauke ko katin SD ya lalace, sikirif da modem tare suke tafiya. Abin da ke rufe wannan giɓi shi ne mai gadi daga waje. Sabar tana taɓa wani adireshi kowane minti biyar, idan aka yi minti goma sha biyar ba a ji ta ba, na wajen ne zai neme ka. Healthchecks.io don haka aka gina shi, Uptime Kuma ma yana yi, muddin ba ka ɗora shi a gini ɗaya da sabar ba. Idan da UPS, wato batirin ko-ta-kwana, mai kebul na USB, manhajojin NUT ko apcupsd za su sanar da sikirif da zarar an koma kan batir, modem ya tura saƙo tun da sauran numfashi.

Sikirif: naka ko na wasu

Manhajojin sa ido irin su Zabbix da Nagios sun yi wa sabar guda ɗaya girma. Monit ya fi dacewa: ƙarami ne, yana iya tayar da Asterisk idan ya faɗi, kuma ana iya ce masa kar ya yi magana sai abu ya gaza sau uku a jere. Amma rajistar layin waje, ko da Monit, sai ka rubuta abin dubawa da kanka. Ga inda ake tuntuɓe.

Sikirif yana aiki idan ka kira shi da hannu, a cron kuma ya ƙi. Dalili shi ne cron yana neman umarni a `/usr/bin` da `/bin` kawai, shi kuwa Asterisk yana `/usr/sbin`. Ka rubuta cikakken adireshi: `/usr/sbin/asterisk -rx "pjsip show registrations"`. Alamar % a cikin crontab tana nufin sabon layi, don haka `date +%F` zai karye idan ba ka sa `\` kafin ta ba. Fayil ɗin da aka rubuta a Windows kuma yakan zo da ɓoyayyen harafi a ƙarshen kowane layi, ka ga ƙorafin `^M`, sai a wanke shi da `dos2unix`.

Mafi haɗari a cikinsu ba ya nuna alama. Mutum ya rubuta `grep -i registered` don ya tabbatar layi na da rajista. To kalmar `Unregistered` ma tana ɗauke da waɗannan haruffa, don haka layin yana kwance sikirif yana cewa lafiya. Ka cire `-i` ka rubuta `Registered` da babban R, ko ka sa `-w`. Tsofaffin sikirif da ke yawo masu `sip show registry` kuma na chan_sip ne, tsohon tsarin haɗa layi wanda aka cire gaba ɗaya a Asterisk 21 a 2023. Idan kamfaninka da adireshin IP yake gane ka, babu rajista sam, sai ka sa `qualify_frequency=60` ka riƙa neman `Avail` a `pjsip show contacts`, kana lura cewa `Unavail` ma yana iya yaudarar `grep -i`.

Sai ambaliyar saƙo. Sikirif da ke gudu kowane minti, yana tura tes duk lokacin da ya ga matsala, zai turo 480 a dare ɗaya na awa takwas. Ka sa shi ya ajiye halin da ake ciki a wani ɗan fayil, ya yi magana kawai idan hali ya canza: saƙo ɗaya bayan gazawa uku a jere, ɗaya idan an dawo. `flock -n` kuma zai hana kwafi biyu gudu lokaci guda.

Bayan rajista, ka sa ido kan ma'ajiya, a faɗakar da kai a kashi 85 cikin 100. Naɗar kira a tsarin wav tana cin kusan megabait 58 a kowace awa, kuma idan wuri ya cika, saƙon murya da ma'ajiyar bayanai ne ke fara lalacewa. Ka ƙirga kiran da ke gudana da `core show channels count`. Ofishin da ba kowa da dare amma ana kira shida zuwa ƙasashen waje, wani ne ya samu kalmar sirrin ɗaya daga cikin wayoyinka. Wannan saƙon kaɗai ya isa ya biya kuɗin modem.

Akwai matsalolin da sikirif ba zai gani ba, tunda rajista tana nan daram. Idan ɓangare ɗaya ne ke jin murya, ka duba `external_media_address` da `local_net`, da ƙofofin UDP 10000 zuwa 20000 a rauta, ka kuma kashe SIP ALG. Idan kira yana yankewa a daƙiƙa 32 cif, saƙon ACK, mai tabbatar da haɗuwar kira, ne bai iso ba, galibi saboda an tallata adireshin cikin gida a maimakon na waje. `sngrep` zai nuna maka wannan a allo ɗaya. Kar kuma ka sa faɗakarwa a kan lambar amsa 401 ko 407, tambayar kalmar sirri ce ta yau da kullum. 403 da 408 da 503 su ne abin dubawa.

Abin da za mu zaɓa

Sabar da ke haya a cibiyar bayanai ba ta da inda za a soka modem, kuma intanet ɗinta ba ta cika yankewa ba, don haka kamfanin tes da mai gadi na waje sun ishe ta. Wadda ke zaune a ofis kuwa, modem mai 4G da ke buɗe ƙofar AT, da mai gadi na waje, sai Telegram don dogon bayani idan kana so. Sim ɗin modem ya zama na wani kamfani daban da wanda ke ba ofishin intanet, idan ita ma ta sim take zuwa.

Kafin ka ce an gama, ka zare kebul ɗin intanet da hannunka ka duba agogo, sannan ka tsayar da Asterisk, sannan ka zare wutar sabar gaba ɗaya. Kowanne ya kamata ya haifar da saƙo ɗaya ta hanyarsa. Ka kuma sa cron ya turo tes na gwaji sau ɗaya a mako, a rana da lokacin da za ka lura idan bai zo ba, domin kuɗin sim yana ƙarewa, kuma kamfanonin waya suna karɓe layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba.