Katin gidan waya ko tallan Facebook: wanne ya fi dacewa da sabon gidan abinci a Bronx?

Hajiya, barka da arziki, Allah ya sa albarka ya kawo kasuwa. Kin ce kin buɗe gidan abinci a Bronx, wani yanki na birnin New York, kuɗin tallan ba su da yawa, kina tambaya ko ki buga kati a raba ta gidan waya ko ki biya Facebook. Ni dai kati zan ba ki shawara ki fara da shi.

Gidan wayar Amurka, USPS, yana da wani tsari tun 2011 mai suna Every Door Direct Mail, ana taƙaita shi EDDM. Ba kya buƙatar sunan kowa ko adireshinsa. Akwai taswira a shafinsu, sai ki zaɓi layukan da mai raba wasiƙa yake bi kusa da shagonki, katinki ya shiga kowane akwatin wasiƙa da ke kan hanyar. Mafi ƙaranci kati 200, mafi yawa 5,000 a rana a lambar yanki ɗaya ta gidan waya, wato ZIP code. Kuɗin aikawa santi 20 da ɗoriya ne kowane kati, alhali kan sarkin kati na yau da kullum ya haura santi 50. Kuɗin bugawa daban yake. Ki lura da girma, domin ba sa karɓar ƙaramin katin nan mai inci 4 da 6 a wannan tsari, shi ya sa aka fi buga mai inci 6.5 da 9. Ke za ki ɗaure su ƙunshi-ƙunshi, 50 zuwa 100, ki kai ofishin gidan wayar da ke kula da unguwar. Akwai ɗawainiya kam.

Facebook ya fi sauƙin farawa. Da 'yan daloli a rana kin fara, ran da kika ga dama kin tsayar, kuma bidiyon tsire yana kan wuta yana jan rai fiye da hoton takarda. Za ki iya taƙaita tallan ga waɗanda ke cikin mil ɗaya daga ƙofarki. Sai dai tun Janairun 2022 kamfanin ya cire zaɓin nufar mutane bisa addini, don haka ba ki da ikon cewa Musulmi masu neman halal kaɗai za a nuna wa. Kuma da zarar yatsa ya wuce, shi ke nan, talla ya tafi.

Abin da ya sa na karkata ga kati shi ne, gidan abinci da maƙwabta yake rayuwa. Wanda zai dawo sau uku a mako shi ne mai iya takowa da ƙafa. Kati mai hoton shinkafa da kaza, da farashi, da lambar waya manya-manya, yana iya kwana a jikin firij har ranar da aka gaji ba a son girki. Da yawa za su tafi kwandon shara, wannan ba makawa. Saboda haka gara ki aika wa layi biyu sau uku a kan ki watsa wa layi shida sau ɗaya. Tun da maƙwabtanki da yawa a Bronx masu jin Sifaniyanci ne, ki sa fuskar katin ɗaya da Turanci, ɗaya da Sifaniyanci, kuma ki ba ɗan harshen ya duba kafin a buga. Ki rubuta cewa duk wanda ya zo da katin yana da ragi ko lemo kyauta zuwa rana kaza. Katunan da suka dawo hannunki su za su gaya miki ko kuɗinki sun yi aiki.

Don Allah kada ki ce za ki rage kuɗi ki tura yara su zuba katin a akwatunan mutane. Dokar tarayya ta hana sa abin da ba a biya kuɗin aikawa ba a akwatin wasiƙa, akwai tara.

Mutanenmu kuwa, Hausawan Ghana da Nijar da Najeriya, ba sai kin biya kowa ba kafin su ji. Rukunonin WhatsApp sun isa, sannan ki buga rarar kati 200 ko 300, ki nemi izinin liman a raba bayan an idar da sallar Juma'a.